Ra'ayi: A Zaɓi Akwatin Faiba Na Waje Da Sanin Ranar Kebbi, Ƙurarta Da Ruwanta

Duk wanda zai jawo intanet na faiba zuwa gidansa ko shagonsa, tambayoyinsa ba sa wuce biyu: nawa ne a wata, kuma yaya saurinsa yake? Da wuya ka ji wanda ya tambayi irin akwatin da za a kafa masa a bango, wato wurin da wayar kamfani ke ƙarewa tasa ta fara. Mai haɗawa yakan ɗauko wanda ya samu a jakarsa, ya buga kusa huɗu, ya nuna maka Facebook na buɗewa, ya karɓi sallama ya tafi. Sai an ci bazara ɗaya da damina ɗaya ake sanin abin da aka saya: murfi ya koma rawaya ya tsage, zanzaro ya yi gini a ciki, jar fitilar LOS tana ƙyaftawa a jikin na'ura, kuɗin wata kuwa yana ta tafiya.

Ra'ayina a kan wannan batu kashi biyu ne. Na farko, a Birnin Kebbi da Argungu, akwatin da zai zauna a waje zare kaɗai ya kamata ya riƙe, duk wata na'ura mai cin wuta ta shiga inuwar ɗaki. Na biyu, yanayin garinmu ne zai zaɓa mana akwatin da bangon da za a kafa shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya ƙera akwatin a Sin bai taɓa kwana a Gesse cikin watan Afrilu ba.

Me ya sa yanzu?

A shekarar 2024 Gwamnatin Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Ko da rabin alkawarin aka cika, garuruwa irin namu za su ga faiba ta bar manyan tituna ta shiga unguwanni. Masu buƙatarta kuma suna nan: Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, asibitoci, bankuna, otal-otal ɗin da ke cika lokacin bikin kamun kifi na Matan Fada, masana'antun casar shinkafa, da ɗaruruwan shagunan kwamfuta da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Mai irin wannan shago idan intanet ɗinsa ya ɗauke kwana uku a tsakiyar rajista, ya yi asarar cinikin da ba zai dawo ba.

Tun ran gini tun ran zane. Irin akwatin da kamfanoni suka saba kafawa a shekarun farko shi zai zama al'ada, kuma shi za a ci gaba da sayowa katan-katan. Gara a yi gardamar yanzu.

Abin da ke cikin akwatin

Zaren faiba gilashi ne mai kaurin gashin kai, maikuron 125. Hanyar da haske ke bi a tsakiyarsa maikuron 9 ce kacal, wato ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin zaren ba. A cikin akwatin bango ake haɗa zaren da ya taso daga turken kamfani da wanda zai shiga ɗaki, ko dai da injin da ke narka bakunan biyu ya manne su, ko da kai mai sakawa da cirewa. A akasarin haɗin gida kan nan kore ne, an goge bakinsa a karkace da digiri 8. Akwai kuma shuɗi mai miƙaƙƙen baki, kuma ba a cusa kore cikin shuɗi, domin bakunan ba za su zauna daidai ba.

Hasken da ke tasowa daga kamfani yana da iyaka. A tsarin GPON da aka fi amfani da shi, abin da aka yarda ya ɓace a hanya bai wuce dB 28 ba. Na'urar da ke raba zare ɗaya ga gidaje 32 ita kaɗai tana cinye kusan 17. Nisan hanya da sauran mahaɗai su ci nasu. Ɗan abin da ya rage shi ne jarinka, kuma a akwatin bangonka ake yawan ƙarar da shi: ƙwayar ƙura ɗaya a bakin kai, ko lanƙwasa ɗaya da ta yi tsanani, ta isa ta sa hoto ya riƙa tsayawa kafin layin ya mutu gaba ɗaya.

Maƙiyi na farko: rana

Daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa a kwarin Rima yana haura digiri 40 kwana da kwanaki. Wannan a inuwa ke nan. Rufaffen akwati mai duhun launi da rana ke duka kai tsaye, cikinsa na iya wuce digiri 60. Yawancin na'urorin ONT da ake rabawa gidaje, wato 'yar na'urar da ke juya haske ya koma intanet, an rubuta a takardarsu cewa daga digiri 0 zuwa 40 aka yi su su yi aiki. Ita kanta na'urar tana fitar da nata zafin, cajarta ma haka. Wanda ya kulle ta a akwati a jikin katanga ya saka ta a tanda. Ba za ta mutu ran farko ba. Za ta fara da ɗaukewa bayan azahar, tana kashe kanta tana kunnawa, a yi ta zagin kamfani, har ranar da za ta ƙi tashi.

A nan ne gardamar take. Akwatin da zai hana ƙura shiga dole ya toshe ko'ina, wanda ya toshe ko'ina kuwa zafi ba ya fita daga cikinsa. Idan ka huda shi don na'ura ta sha iska, ka buɗe wa hunturu ƙofa. Ba a samun biyun a akwati mai araha. Amma zare da mahaɗinsa da na'urar raba haske ba sa cin wuta, ba sa fitar da zafi, kuma masu kyau daga cikinsu an yi su su jure har digiri 85. Su ne suka dace da waje.

Rana tana cin jikin akwatin ma. Robar ABS da ba a haɗa ta da sinadarin kariya ba ita ce irin wadda kake gani a kujerar roba da aka manta a tsakar gida: ta koɗe, ta bushe, ka zauna ta fashe. Nemi akwatin da aka rubuta PC ko ASA a jikinsa, ko aka ambaci kariyar UV a takardarsa, fari ko ruwan toka mai haske. Na ƙarfe ya fi jure duka da hannun ɓarawo, amma yana ɗaukar zafi, yana tsatsa idan fentinsa ya ɓare, kuma sai an haɗa shi da ƙasa saboda tsawa.

Maƙiyi na biyu: ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙurar da ta fi garin tuwo laushi. Duk matar da ke goge tebur sau biyu a yini a Badariya ko Rafin Atiku ta san cewa rufe taga ba ya hana ta.

A jikin akwatin kirki za ka ga haruffan IP da lambobi biyu. Ma'auni ne na duniya mai suna IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6. Ta biyu ta ruwa ce. Lamba 5 a farko tana nufin ƙura na iya shiga kaɗan, 6 kuwa ba ta shiga sam. Saboda haka IP54 da IP55, waɗanda suka wadatar a wasu ƙasashe, ba su ne namu ba. Mu fara daga IP65, wato ƙura ba ta shiga kuma yana jure feshin ruwa ta kowane gefe. IP66 ya fi shi jure feshi mai ƙarfi.

Sai dai buga lamba a jikin roba ba wuya gare shi ba. Buɗe murfin ka duba da idonka. Akwai zoben roba mai taushi da ya zagaye bakin murfin ba tare da yankewa ba? Idan soso ne aka liƙa da gam, bazara ɗaya zai yi ya zube. Ramukan shigar waya suna da wuyan da ake murɗawa ya shaƙe wayar? Ramukan da ba a yi amfani da su ba an toshe su? Akwatin IP66 da mai haɗawa ya huda da ƙusa mai zafi don ya zura waya ya tashi daga IP66 tun a wannan minti.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan sana'a maganar ba karin magana ba ce kawai. Tsaka, tururuwa, gizo-gizo da zanzaro duk suna son ɗumi da duhun akwati. Ɓera kuma yana gaigayar wayar da aka bari a fili. Wayar da ke hawa bango ta bi ta cikin bututun roba, tun daga ƙasa har bakin akwati.

Maƙiyi na uku: ruwa

Ruwanmu na 'yan watanni ne, daga Yuni zuwa Satumba, amma da ƙarfinsa yake zuwa, iska na tura shi a kwance. Wayoyi duka su shiga akwati ta ƙasa. Kafin wayar ta shiga, a sauko da ita ƙasa da akwatin kaɗan sannan a hau da ita, ta yi siffar ƙugiya, yadda ruwan da ya biyo jikinta zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi ta ciki. Kada a kafa akwati a ƙarƙashin indararo ko inda kwano ke zubar da ruwa.

Akwai kuma ruwan da ba a gani. Akwati ya gasu da rana, hadari ya sauko ya sanyaya shi cikin minti kaɗan, iskar ciki ta tsuke ta zuƙo danshi ta duk wata 'yar kafa, danshin ya kwanta ya zama raɓa. Akwatuna masu inganci suna zuwa da ɗan maɓallin numfashi a ƙasa, mai barin iska ta wuce ya tare ruwa da ƙura. Idan akwai shi, alama ce ta cewa maƙerin ya san aikinsa.

Ga waɗanda ke bakin fadama kuwa, maganar ta wuce feshi. Ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi da sauran sassan jihar ta shiga gidaje ta rusa katangu, kuma duk shekarar da ruwa ya yi yawa a saman Rima har aka saki na madatsar Goronyo, mutanen kwari suna kwana da shiri. IP65 ba na nutsewa ba ne. IP67 ne aka gwada a zurfin mita 1 na minti 30, ambaliya kuwa ba ta minti 30 ba ce. Maganin shi ne tsayi: a kafa akwati kamar mita 2 daga ƙasa, sama da alamar da ruwa ya taɓa bari a bango, inda akuya da ƙananan yara ma ba sa kaiwa. Mahaɗin da dole sai ya zauna a rami ƙarƙashin ƙasa, wannan aikin IP68 ne, kuma nauyin kamfani ne.

Wane bango?

Wannan ita ce shawarar da ba ta cin ko sisi, kuma ita aka fi yin sakaci da ita. Bangon yamma yana shan ranar la'asar a daidai lokacin da gari ya fi zafi, don haka shi ne mafi muni. Bangon gabas shi hadari ke duka, abin da maginan ƙasa suka sani tun kaka da kakanni, shi ya sa suke ƙara masa yaɓe. Saura kudu da arewa.

Littattafan Turai za su ce maka bangon arewa kullum a inuwa yake. A can haka ne. Mu muna kusa da digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewacinmu, sauran watanni ta bi ta kudu. Duk da haka arewa ta fi, domin tana cikin inuwa a Maris da yawancin Afrilu, lokacin da zafi ke kan ganiyarsa, kuma sa'ad da rana ta koma can tana sama sosai, ɗan bakin kwano ya isa ya tare ta. Idan turken kamfani ya tilasta yamma, a yi wa akwatin 'yar rumfa ta falle ɗaya, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsu don iska ta ratsa. Kowane mai walda a gari zai yi maka ita.

Girma da lanƙwasa

Ƙaramin akwati ya fi kyan gani, amma zare ba ya son matsi. Tsohon nau'in da ake kira G.652D ba a lanƙwasa shi a da'irar da ta gaza milimita 30 daga tsakiya zuwa gefe, wato kamar a naɗe shi a jikin gwangwanin madara. Sabon nau'in G.657A2 yana jure har milimita 7.5, kuma shi ya fi dacewa da shiga gida. Ko da wane ne, akwatin ya kasance da faifan naɗe zare, a bar rarar mita ɗaya ko biyu a ciki. Ranar da kai ya lalace, da wannan rarar za a yanke a sake haɗawa. Idan babu ita, sai an sake jan sabuwar waya tun daga turke, kuma kai za a ce ka biya.

Hujjar masu saka na'ura a waje

Masu haɗawa suna da dalilinsu, kuma ba na banza ba ne. Gidajenmu da yawa “ba a shiga” ne. Idan layi ya lalace maigida yana kasuwa ko ya yi tafiya, ma'aikaci ba zai ratsa cikin gida ba, sai ya koma ya dawo wani lokaci, da man babur ɗinsa. Idan komai na waje, zai gyara ya wuce ba tare da ya yi sallama ba. Wasu kuma suna ganin huda bango da jan zare cikin ɗaki ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi.

Amma akwatin zare na waje ya riga ya warware rabin wannan matsala. Idan an sa kai mai cirewa a cikinsa, ma'aikaci zai buɗe, ya sa mitarsa, ya gane nan take ko laifin daga turke ne ko daga ɗaki. Yawancin yankewar faiba a hanya take faruwa, wurin masu haƙa kwalbati da manyan motocin da ke tsinka waya. Sauran rabin kuma ginin Bahaushe ya daɗe da tanadar masa wuri: zaure, ko falon baƙi, ko shagon ƙofar gida. Nan ne mazaunin ONT, inda akwai inuwa da soket, kusa da inbata ko batirin sola, kuma baƙo na iya shiga ba tare da an keta haddin gida ba. Daga nan wayar intanet ta gama-gari ta kai rauta tsakar gida. Wani amfanin kuma, na'urar da ke cikin akwatin ƙarfe a waje Wi-Fi ɗinta ba ya zuwa ko'ina, ga ta kuma a idon masu ɗauke-ɗauke.

Akwai wuraren da babu makawa sai na'ura ta zauna a waje, kamar kyamarorin tsaro a harabar injin casa ko ma'ajiyar hatsi. A nan sai a sayi na'urar da aka ƙera don waje, wadda takardarta ta nuna tana jure digiri 60 ko fiye, a sa ta a babban akwati mai rumfa da fanka da matatar ƙura da za a riƙa wankewa duk hunturu, a kuma haɗa shi da ƙasa. Wannan kuɗi ne na gaske, kuma wanda ba zai iya kashe su ba gara ya nemi ɗaki.

Game da tsada kuwa, bambancin akwatin kirki da na banza bai kai abin da za ka kashe a kiran gyara biyu da sayen data na kwanakin jira ba. Araha ba ta ado.

Ranar da za a haɗa maka

Ka kasance a wurin, ko ka wakilta wanda zai tsaya. Ka ga akwatin kafin a buga shi, ka karanta lambar IP, ka taɓa zoben robar. Kai za ka nuna bango. Bayan an gama, ka ce a auna hasken a gabanka. Na'urorin gida suna aiki tsakanin -8 da -27 dBm, kuma a wannan lissafi -20 ya fi -26 ƙarfi. Idan ranar farko kana -26, ba ka da rarar da za ta kai ka hunturu, ka nemi a gyara tun ma'aikaci bai tafi ba. A rubuta adadin da kwanan wata a cikin murfi, don duk wanda ya zo gyara ya san daga inda aka fara. A rufe kowane bakin da ba a amfani da shi da hularsa. Kada kowa ya leƙa bakin zare da ido, domin hasken ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido lahani, kuma a tattara guntayen gilashin da aka yanke kada yara su taka.

Ka kuma tambaya a rubuce: akwatin na wa ne, wa ke riƙe makulli, wa zai canza shi idan rana ta cinye shi? A ganina na kamfani ne, tunda shi ya zaɓo shi kuma a nan layinsa ya ƙare. Idan an yi ta kai ƙara ba a kula ba, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da lambar 622 ta karɓar koken masu amfani da layi, kuma kyauta ce.

Ga hukumomi da makarantu da asibitocin jihar da ke ba da kwangilar jawo faiba, kalmar “akwati” kaɗai a takardar kwangila ba ta isa ba. A rubuta IP65 ko sama, a rubuta kariyar rana, a rubuta tsayi daga ƙasa, a rubuta cewa na'ura mai wuta ba za ta zauna a waje ba, sannan a hana biyan kuɗin ƙarshe sai an ga adadin haske a rubuce. Layi huɗu ko biyar ne a takarda, amma su za su raba aikin da zai shekara goma da wanda za a sake ba da kwangilarsa baɗi.

Zaren gilashi yana iya shekara ashirin yana aiki idan ba a taɓa shi ba. Abin da zai sa ya kai haka a Birnin Kebbi ko Argungu shi ne akwatin da ke rufe da shi da bangon da aka zaɓa masa, kuma duka biyun a hannun mai gida suke matuƙar ya yi magana kafin a buga kusa.